Albashin Ma'aikatan Otal da Gidajen Abinci a Ƙasar Maldives

Maldives ƙasa ce ta tsibirai kusan 1,200 da ke cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya, kuma babban birninta shi ne Male. A 1972 aka buɗe otal na farko na masu yawon buɗe ido, mai suna Kurumba, kuma daga nan wannan harka ta zama ginshiƙin tattalin arzikin ƙasar da babbar hanyar samun kuɗin waje. Tsarin da aka fi bi shi ne otal guda ya mamaye tsibiri guda, saboda haka ma'aikaci yakan kwana ya tashi a wurin aikinsa, inda ake ba shi masauki da abinci, nesa da iyalinsa.

Yadda kuɗin ma'aikaci ke haɗuwa

Abin da ke shiga aljihun kuku ko mai kai abinci ko mai gyaran ɗaki kashi biyu ne. Na farko shi ne albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki. Na biyu kuwa kuɗin hidima ne, wato ƙarin da ake ɗora wa baƙo a kan kuɗin ɗaki da na abinci, a tara shi a raba wa ma'aikata. Gyaran da aka yi wa dokar ƙwadago a 2020 ya wajabta wa wuraren yawon buɗe ido karɓar aƙalla kashi 10 cikin 100 tun daga Janairun 2021. Mai otal na da ikon riƙe kashi 1 cikin 100 na abin da aka tara don ɗawainiyar lissafi, sauran kuma a raba daidai tsakanin ma'aikata.

A manyan otal-otal na alfarma rabon mutum guda kan haura dala 1,000 a watan da kasuwa ta yi kyau, har ya zarce ainihin albashin. A ƙananan masaukan baƙi da gidajen abincin da ke tsibiran da jama'a ke zaune, rabon bai taka kara ya karya ba. Mutum biyu masu aiki iri ɗaya na iya samun kuɗi mabambanta ƙwarai, gwargwadon tsadar ɗakin da suke yi wa hidima.

Hawa da sauka

Tun da kuɗin hidima ya dogara ne da cinikin wata, yana hawa daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da baƙi ke tserewa sanyin Turai, sannan ya sauka a watannin ruwan sama da iska. Annobar korona ta nuna haɗarin wannan tsari a fili. A 2019 ƙasar ta karɓi baƙi kimanin miliyan 1.7, amma ta rufe ƙofofinta a ƙarshen Maris na 2020, ba ta sake buɗewa ba sai 15 ga Yuli. Baƙin wannan shekara ba su kai 600,000 ba, tattalin arzikin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, dubban ma'aikata kuma aka sallame su ko aka rage musu albashi, kuɗin hidima ya ƙafe. Kasuwar ta farfaɗo daga baya, har baƙi suka haura miliyan 2 a 2024.

Mafi ƙarancin albashi

Sai a Janairun 2022 ƙasar ta fara aiki da mafi ƙarancin albashi. An yanka rufiya 4,500 a wata ga ƙananan kamfanoni, 7,000 ga matsakaita, 8,000 ga manya. A farashin gwamnati na rufiya 15.42 kan dala ɗaya, mafi girman cikinsu ya kama kimanin dala 520. Sai dai tsarin ya fara aiki ne ba tare da ma'aikata 'yan ƙasashen waje ba, alhali kuwa 'yan Bangladash da Indiya da Sirilanka da Nepal na da yawa a ɗakunan girki da wuraren wanki. Wannan giɓi yana ba masu otal damar ɗaukar ma'aikacin waje a kan kuɗi kaɗan, abin da ke raunana ɗan ƙasa wajen neman ƙari.

Kuɗin da ake biya da shi

Akwai kuma batun irin kuɗin da ake biyan ma'aikaci da shi. Maldives na shigo da mafi yawan abincinta da man fetur daga waje, kuma dala ta fi tsada a kasuwar bayan fage fiye da farashin gwamnati. Wanda ake biyansa da dala yana da ƙarfin saye fiye da wanda ake ba rufiya, ko da adadin ɗaya ne a takarda. Don haka mai auna albashi a wannan ƙasa sai ya duba abu uku tare: albashin takarda, rabon kuɗin hidima na watanni 12 cur, da irin kuɗin da aka biya su da shi.