Kasuwar Hannun Jarin Najeriya: Daga Ƙungiyar Dillalai Zuwa Kamfani

Mai karatu, ka sha ji a rediyo ana cewa yau kasuwar hannun jari ta tashi, ko ta faɗi. To amma ka taɓa tambayar kanka, ita kasuwar ta wa ce? Amsar ta canja a shekarar 2021, kuma canjin ya shafi duk wanda ke da jari, ko da ɗan kaɗan ne, a wani banki ko kamfanin siminti.

An kafa kasuwar a Legas a watan Satumban 1960, makonni kaɗan kafin samun 'yancin kai. An fara ciniki a 1961 da takardun jari 19 kacal. A lokacin ba kamfanin neman riba ba ce, ƙungiya ce ta mambobi, akasarinsu dillalai. Su ke tsara dokar ciniki, su ke cin la'ada, su kuma ke hukunta wanda ya saɓa a cikinsu.

Abin da ya fara buɗe ta ga jama'a shi ne dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin ƙasashen waje sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na jarinsu. A 1977 aka sauya mata suna daga kasuwar Legas zuwa ta Najeriya, aka buɗe reshe a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. A 1984 aka soma ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashi gaba ɗaya, daga maki 100. A 1999 kwamfuta ta maye gurbin kiran farashi da baki.

Sai babbar jarrabawa ta zo. A 2004 Babban Bankin Najeriya ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25. Bankuna suka fito neman kuɗi, mutane suka yi ta rububin saye, wasu ma da bashin da bankunan suka ba su. A watan Maris na 2008 ma'aunin ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan nan ya zube zuwa kusan 20,000. Ka ga ke nan, wanda ya saya da bashi, jarin ya narke amma bashin na nan. Jama'a suka fara cewa mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi: ta yaya dillali zai tsawata wa ɗan'uwansa dillali? A watan Agustan 2010 hukumar SEC, mai sa ido kan harkar, ta sauke shugabar kasuwar.

Maganin da aka ɗauka shi ne raba mallakar kasuwa da sana'ar dillanci, hanyar da kasuwar Stockholm ta ƙasar Suwidin ta fara bi a 1993. Mambobi suka amince a 2017, aka sa hannu kan doka a 2018, aka kammala a watan Maris na 2021. Tsofaffin mambobi suka koma masu hannun jari a sabon kamfani, NGX Group, mai rassa uku: na ciniki, na sa ido, da na gidaje da filaye. A watan Oktoba na wannan shekara aka fara sayar da jarin kamfanin a cikin kasuwar da yake gudanarwa.

Sai dai kar ka ɗauka magana ta ƙare. Kamfanin yana samun kuɗi ne daga yawan ciniki da kuɗin rajistar kamfanoni, don haka korar mai laifi daga kasuwa asara ce a aljihunsa. Shi ya sa aka ware reshen sa ido daban, SEC kuma na bisa kansu duka. In za ka zuba kuɗinka, kar ka tsaya kan farashi kawai. Duba ko ana hukunta kamfanin da ya ƙi fitar da rahoton kuɗinsa a kan lokaci, domin a nan ake gane ko gyaran ya yi aiki.