Bindiga Mai Baki Biyu da Bindigar Maƙera a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ta san bindiga tun kafin zuwan Turawa, domin ƙasa ce ta kan iyaka wadda ta yi mubaya'a ga Borno, ba ta kuma shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Borno kuwa ta fara amfani da bindiga tun ƙarni na 16, lokacin da Mai Idris Alooma ya samo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawan Daular Usmaniyya ta hanyar Sahara. Bayan Sarki Ɗan Tanoma ya dawo da gadon sarauta daga Tumbi zuwa garin Gumel, masarautar ta shafe shekaru tana gwabzawa da Haɗeja ta gabas da Damagaram ta arewa, inda Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a birninsa. Duk da haka, doki da mashi da takobi da kibiya su ne ginshiƙin yaƙi a wancan zamani, saboda bindigar tana da tsada, ɗurinta yana cin lokaci, albarushinta kuma ba ya jure damina.

Akasarin bindigogin da suka shigo Afirka ta Yamma ta bakin teku an ƙera su ne a Birmingham ta ƙasar Ingila da Liège ta ƙasar Beljiyam, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 18 Ingila kaɗai tana aiko fiye da 100,000 a shekara, da yawansu don musayar bayi. Bindigogi ne masu baki ɗaya da ake ɗurawa ta gaba, a zuba albarushi da dalma a daka da sanda, sannan ƙanƙarar dutse ta ƙyasta wuta idan an ja kunama. An yi su da araha don kasuwar Afirka, har bututun wasu yakan fashe a hannun mai harbi. Irin wannan haɗari ya sa majalisar Ingila ta kafa gidan gwajin bindiga na Birmingham a 1813, bayan na Landan wanda ƙungiyar maƙeran bindiga ke gudanarwa tun ƙarni na 17. Gwajin shi ne a cika bututu da albarushi fiye da kima a harba, idan ya jure sai a buga masa hatimi a jikin ƙarfen, kuma doka ta hana sayar da bindigar da ba ta da wannan shaida a cikin ƙasar.

Bindiga mai baki biyu ta fito ne daga wani ɓangare na wannan sana'a, ɓangaren da ke yi wa masu hannu da shuni aiki don harbin tsuntsaye. Gidan Westley Richards da aka kafa a Birmingham a 1812, da na Purdey da aka kafa a Landan a 1814, da na Holland & Holland mai asali daga 1835, sun shahara da haɗa bututu biyu gefe da gefe a kan ƙota ɗaya ta itacen goro na Turai, wadda ake sassaƙawa daidai da tsawon hannun mai saye. Ba mutum ɗaya ke gama ta ba: akwai mai bututu, da mai kayan ciki, da mai ƙota, da mai zane a jikin ƙarfe. A da ana murɗa sandunan baƙin ƙarfe da na ƙarfe mai tauri a naɗe su a haɗe da wuta, abin da ke barin zane kamar igiyar ruwa a jikin bututun, kafin a koma ga bututun ƙarfe guda a ƙarshen ƙarni na 19. A 1875 ma'aikatan Westley Richards biyu, Anson da Deeley, suka fito da tsarin da ya ɓoye kayan harbi a cikin jikin bindigar, wanda ya sauƙaƙa ƙira, kuma har yau ana bin sa.

Sunan da waɗannan gidaje suka yi ya jawo jabu, domin masu ƙira a Liège sun riƙa buga sunaye masu kama da na Ingila a kan bindigogi masu araha, musamman sunan Richards. Saboda haka masana ba sa dogara da sunan da ke rubuce tsakanin bututun biyu. Sukan cire bututun su duba hatimin da ke ƙarƙashinsa, inda na Landan ke ɗauke da kambi bisa haruffan GP, na tsohuwar Birmingham ke ɗauke da sandunan sarauta biyu a gicciye, na Liège kuma ke da haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Sannan a gwada lambar bindigar da littattafan gidan da ya ƙera ta, waɗanda manyan gidajen suka adana da sunan mai saye da shekarar sayarwa.

Abin da ya raba bindiga mai baki biyu da ta maƙera a ƙasar Gumel shi ne doka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ƙasar Hausa ke ciki, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Bayan Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ga Ingila a 1903, mai baki biyu ta zama ta jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni da tsirarun sarakuna da attajirai masu lasisi, mafarauci da manomi kuwa suka koma ga maƙeri. Maƙeran, waɗanda suka gaji zuga-zugi da masaba da uwar maƙera, sun fara da gyaran tsofaffin bindigogi, daga baya suka iya ƙera adaka, wadda ake kira bindigar toka ko harba-ka-ruga, daga bututun ƙarfe da suka samu a kasuwa da itacen gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta riƙe wannan rarrabewa, ta ware masu ɗuri ta baki a aji na daban, ta kuma hana ƙira sai da izinin hukuma.

Adaka ita ce ta tsare gona daga ɓarnar dabbobi, ita ce a kafaɗar mutanen Sarkin Baka, ita ce kuma 'yan bindiga ke bugawa a gaban sarki ranar hawan salla. Sai dai ba ta da hatimi, ba ta da lamba, ba ta da littafi, shaidar asalinta tana bakin dattawan da suka san maƙerin da ya yi ta da gidan da ya gaje ta. Bindigar Purdey mai shekara 150 ana iya gano ranar da ta bar shago, amma ta maƙerin Gagarawa ko Sule Tankarkar tarihinta yakan bi mai ita kabari. Matsalar tsaro ta sa ana kallon kowace ƙirar gida da zargi, kuma haƙƙin hukuma ne ta hana yaɗuwar makamai. Wannan bai hana masarauta da masana tarihi su rubuta sunayen gidajen ƙira ba, su ɗauki bayanin tsofaffin maƙera, su kuma ajiye samfurin tsofaffin bindigogi a gidan tarihi da sunan wanda ya ƙera kowace, tun masu iya faɗin sunan suna raye.