Haja Uku daga Ingila a Ƙasar Jega, 1997 zuwa 2001

Jega tsohuwar mahaɗar fatake ce. Tun cikin ƙarni na 19, sa'ad da Buhari ɗan Abdussalami Bagimbane ya kafa ta a bakin gulbin Zamfara, mutanenta suka saba da baƙon kaya, su duba, su taya, in bai yi musu ba su bar shi ga mai shi. Aliero da Maiyama, maƙwabtanta cikin ƙasar Gwandu, da wannan awo suke ciniki. A ƙarshen ƙarni na 20 haja iri uku ta iso musu daga Ingila, watau labari da waƙa da ƙwallon ƙafa. Biyu sun sami masaya, ɗaya ta yi kwantai. Dalilin wannan bambanci shi ne abin dubawa a nan, gama ya saɓa wa zaton da aka daɗe ana yi, cewa abin Turawa ta ƙofar makaranta da Ingilishi kaɗai yake shiga ƙasar Hausa.

Labari shi ne daɗaɗɗen baƙo. Ran 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga London da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, saboda haka kafin shekarar 2000 an yi shekara 43 ana kama shi a gajeren zango, safe da rana da dare. Amma fa sai a lura, ba don labarin Ingila ake sayen batir ba. Abin da manomin albasa na Aliero yake nema shi ne labarin ƙasarsa daga bakin wanda ba ya tsoron soja, kamar rasuwar Janar Sani Abacha ran 8 ga Yuni 1998, ko shelar Shari'a a Gusau cikin Oktoba 1999. Labarin Ingila rakiya yake yi. An ji zaɓen Tony Blair cikin Mayu 1997, an ji rasuwar Gimbiya Diana a Faris ran 31 ga Agusta na wannan shekara, aka yi juyayi, aka wuce. Wanda ya fi dacewa da kunnen mutanen da ke zaune da Fulani shi ne na 2001, sa'ad da ciwon baki da kofato ya faɗa wa dabbobin Ingila, hukuma ta sa aka kashe fiye da miliyan 6. Makiyayi ya san ciwon nan sarai, yakan yi jinyar saniyarsa har ta tashi, don haka wannan magani na Turawa ba ƙaramin abin mamaki ba ne gare shi.

Waƙa kuwa ba ta ko kwance kaya ba. A shekarun nan 'yan matan nan biyar da ake kira Spice Girls sun cika duniya, waƙar da Elton John ya yi wa Diana ta sayu fiye da kowace ta zamaninta, amma mai sayar da kaset a tashar Jega ba da su yake cin abinci ba. Ba za a ce ƙin baƙon kiɗa ne ba, gama waƙoƙin Indiya sun yi shekaru suna yawo a gidajen Hausawa. Sai dai su da hoto da labarin soyayya suka zo, mai kallo ya san abin da ake yi wa kuka ko da bai ji kalma ɗaya ba. Waƙar Ingila ta zo tsirara, ba labari, ba kirari, ba sunan wanda aka sani, alhali Bahaushe da magana yake auna mawaƙi. Kuma ta tarar kasuwa a cike. Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin Yuni 1999, kasakasansa suka ƙara daraja, Sani Aliyu Ɗandawo yana tashe a Yawuri, ga kuma waƙoƙin fiyano na finafinan Kano, waɗanda fim ɗin Sangaya ya buɗe wa hanya. Cikin Yuli 1999 David Beckham ya auri ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyar. A Ingila amarya da ango duk sanannu ne, a Maiyama kuwa ango kaɗai aka sani.

Wannan ya kawo mu ga ƙwallo, wadda ta fi sauran biyun kafuwa. Abu na farko, 'yan gida ne suka yi mata jagora. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya ci Kofin FA da Everton a 1995. Celestine Babayaro, shi ma ɗan Kaduna, ya koma Chelsea a 1997, shekara guda bayan shi da Amokachi sun ci Ajantina a wasan ƙarshe na Atlanta. Nwankwo Kanu ya shiga Arsenal a farkon 1999, ran 23 ga Oktoba kuwa ya yi abin da har yau ake ba da labari: Chelsea tana gaba da ci 2 a gidanta, saura minti 15 a tashi, shi kaɗai ya zuba 3, ta ƙarshen daga dab da layin bayan raga, inda ba mai zaton ƙwallo za ta shiga. Da yawa daga magoya bayan Arsenal na Arewa daga nan suka samo asali. Manchester United ma ta sami nata rabo, don ta ci Bayern Munich cikin mintocin ƙarshe ran 26 ga Mayu 1999, kwana 3 kafin soja su miƙa mulki.

Abu na biyu, wanda ba a cika ambata ba, shi ne lokaci. Wasan Asabar na ƙarfe 3 a Ingila, da hunturu ƙarfe 4 ne a Nijeriya, watau bayan la'asar, a kuma tashi kafin magariba. Wasannin dare sukan faɗo bayan lisha. Da a ce sun ci karo da salla, da gidajen kallo, masu benci da janareta da kwanon tauraron ɗan adam, waɗanda suka yaɗu cikin shekarun da suka biyo baya, sun sha wuya fiye da yadda suka sha a jihar da ta ɗauki Shari'a a shekarar 2000.

Na uku, ta sami mazubi a shirye. Ƙasar da ta san dambe da kokawa, ta san Kudu da Jamus da Guramada, ta ji yadda Ɗan Anace ya wasa Shago, ba sai an koya mata yadda ake riƙon gwani ana yi wa gwanin wani ba'a ba. Saurayin da bai san inda London take a taswira ba yakan ce "mun ci ku", ba kuwa da wasa ba. Ribar ba ta zo ba tare da hasara ba, don abin da ya ƙaru a gidan kallo daga filin ƙungiyoyin gida aka rage shi.

Ga mai nazarin harshe, shaidar wannan duka tana cikin kalmomi. Waƙar Ingila ba ta bar wa Hausa kalma ko ɗaya da za a nuna ba. Ƙwallo ta bar jeri biyu. Akwai na rediyo, wanda aka ƙera da kayan gida: mai tsaron gida, alƙalin wasa, bugun kusurwa, satar gida, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Akwai kuma na benci, wanda aka ara aka sassaƙe: gola, rafali, kwana, fenariti. Na benci ya fi gajarta, shi ya sa ya fi saurin fita sa'ad da rai ya ɓaci. Sunayen ƙungiyoyi ma sun bi ƙa'idar aro wadda ta ba mu tebur da asibiti, aka raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, "v" ta koma "b", "p" ta koma "f", aka sami Asinal da Calsi da Libaful. A karin harshen yamma kuwa, wanda Jega da Aliero da Maiyama suke ciki, "f" ba ta zama daram, takan koma "hw" a gaban "a", ta koma "h" a gaban sauran wasula, kamar yadda ake cewa hwari da hili. Saboda haka wanda ya riƙe maganar garinsu Libahul zai ce, bugun nan kuma henariti.