Tsohuwar Bas a Hannu Biyu: Tarihin Raya Motar Kombi Tsakanin Sha'awa da Bukata

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda ta haura shekara hamsin da kafuwa, watau mutum ya sayi tsohuwar ƙaramar bas wadda ta gama aiki, ya ajiye ta a garejin gidansa, ya riƙa ƙarar da ranakun hutunsa wajen kankare mata tsatsa, da sauke injinta, da ƙera mata gado da kabad, har ta zama yadda ransa yake so. Ba haya zai yi da ita ba, kuma sau da yawa abin da zai kashe mata ya ninka kuɗin da ya saye ta. Ga Bahaushen da ya san bas a tasha kawai, wannan abu ne mai ɗaure kai.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin tarihin wannan al'ada ta hanyar mota guda, watau Volkswagen Type 2 wadda aka fi sani da Kombi, domin ita ce ta fi shahara a wannan fage, kuma ta yi zamani a titunanmu. Za a nuna cewa abubuwa uku ne suka haifar da al'adar, ɗaya bayan ɗaya: sauƙin ƙirar motar, da arharta bayan ta tsufa, sa'an nan da begen zamanin da ta rayu a cikinsa. Daga ƙarshe za a duba dalilin da ya sa na uku bai samu gindin zama a wurinmu ba, da kuma asarar da ke tattare da haka.

2.0 Asalin Motar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar Volkswagen da ke garin Wolfsburg na Jamus ta kasance ƙarƙashin kulawar sojojin Ingila. Cikin shekarar 1947 wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Ben Pon ya ziyarci masana'antar, inda ya ga wata 'yar motar dako wadda ma'aikata suka harhaɗa daga sassan motar Beetle don jigilar kaya a cikin harabar. Ranar 23 ga Afrilu na wannan shekara ya zana abin da ya zo masa a rai cikin littafin aljihunsa: akwati bisa tayoyi huɗu, direba a can gaba, inji a can baya, kaya a tsakiya. In mun lura, tun daga tushe dabarar ma'aikata ce ta haifi motar, ba ofishin masu zane ba.

An fara ƙera ta ranar 8 ga Maris 1950, kuma cikin 1956 aka mai da aikin wata sabuwar masana'anta a Hanoba. Injinta na farko mai silinda huɗu ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 25 ba, amma tana ɗaukar kaya kimanin kilo 750. Ba ta da lagireto, fanka ce take sanyaya injin da iska, saboda haka babu zancen yoyon ruwa ko daskarewarsa a lokacin sanyi. Noti huɗu ne kacal suke riƙe da injin a jikin akwatin giya, ta yadda mutum biyu da jak ɗaya za su iya sauke shi a ƙofar gida. Shi kansa sunan Kombi an gutsuro shi ne daga wata doguwar kalmar Jamusanci mai nufin mota mai haɗa aiki biyu, domin ana iya cire kujerunta a loda kaya, a kuma mayar da su a ɗauki mutane. Ke nan an ƙera ta ne a matsayin fanko wanda kowa zai cika da abin da yake bukata.

3.0 Daga Motar Aiki Zuwa Ɗakin Kwana

Ba a jima ba mutane suka fara cika wannan fanko. Cikin 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fito da wani akwatin katako wanda ya ƙunshi gado mai naɗewa da tebur da ma'ajin kaya. Ana sa shi cikin motar ranar hutu, a fitar da shi in ranar aiki ta zo. Wannan tsari ya dace da halin da Jamusawa suke ciki a lokacin, domin iyali kaɗan ne suke da ikon mallakar mota biyu. A Ingila ma, cikin shekarun 1950, kamfanin Martin Walter na garin Folkestone ya yi irin wannan aiki a kan motar Bedford, ya sa masa suna Dormobile, har daga baya ya ƙara rufi mai ɗagawa don mutum ya iya miƙewa tsaye a ciki.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kamfanoni sun nuna wa jama'a cewa aikin bai wuce kafinta da ɗinkin katifa ba. Wanda ba shi da kuɗin sayen na kamfani sai ya nemi falanki da zarto ya yi nasa.

4.0 Zamanin Arha da Gyaran Kai

Zuwa tsakiyar shekarun 1960, motocin da aka ƙera tun farko sun tsufa, farashinsu ya faɗi warwas. Nan ne suka faɗa hannun matasan Amurka da Turai masu bijire wa al'adun iyayensu da kuma yaƙin Biyetnam. Suka yi musu fenti kala-kala da zanen furanni, suka mai da su gidajen kwana. Wasu suka bi ƙasa da su daga Turai, ta Turkiyya da Iran da Afganistan, har zuwa Indiya da Nefal, hanyar da ta toshe cikin 1979 saboda juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan.

Su waɗannan matasa ba su da kuɗin biyan bakanike. Cikin 1969 wani injiniya mai suna John Muir ya wallafa littafi mai suna How to Keep Your Volkswagen Alive, wanda yake koya wa wanda bai taɓa riƙe sifana ba yadda zai daidaita bawul, ya canza filogi, har ya warware inji ya sake ɗaure shi. An sayar da fiye da kofe miliyan biyu. Muhimmancin wannan littafi a tarihin al'adar shi ne ya fitar da ilmin kanikanci daga gareji ya kai shi tsakar gida, ya kuma adana shi a rubuce.

A daidai wannan lokaci wata rigimar ciniki ta sauya kasuwar Amurka. Ƙasashen Turai sun ɗora haraji a kan kajin Amurka, sai Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya na waje, wanda ya fara aiki cikin 1964. Wannan ya karya cinikin Kombi ta kaya a can, ya bar fili ga motocin gida irin su Ford Econoline da takwarorinta na Dodge da Chevrolet. A kan waɗannan ne yayin ado na shekarun 1970 ya ginu: shimfiɗa kafet mai gashi har bango, da huda 'yan tagogi masu da'ira, da zana hotunan hamada ko teku a jikin bodi. Cikin 1973 aka yi babban taron ƙasa na farko na masu wannan sha'awa a jihar Kolorado. Tsadar man fetur ta 1979 ce ta fara dushe wannan yayi.

5.0 Komawa ga Asali

An daina ƙera samfurin farko, mai rababben gilashin gaba, a Jamus cikin 1967, na biyu kuma cikin 1979. Burazil ce ta ci gaba da ƙera na biyun har Disamba 2013, lokacin da dokar ƙasar ta wajabta wa sababbin motoci jakar iska ta kariya da birki na zamani, abubuwan da tsohuwar ƙirar ba za ta ɗauka ba. Da motar ta yi ƙaranci, kuma matasan jiya suka zama dattawa masu abin hannu, sai manufar gyara ta juya. Da can ana gyara ta ne don a yi tafiya, yanzu kuwa don a tuna ƙuruciya.

Aikin mai raya mota yakan bi tsari sananne. Yakan fara da tsatsa, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cinye ƙasan mota. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a yi waldar sabo. Daga nan sai inji, inda masu tsofaffin samfura suka san cewa silinda ta uku ta fi saurin ƙonewa, saboda na'urar sanyaya baƙin mai tana tare mata iska. Sa'an nan wayoyin lantarki, sai fenti, sai kayan ciki. A kan wannan aiki masu sha'awar sun kasu gida biyu. Akwai masu cewa dole kowane ƙusa ya koma yadda ya fito daga masana'anta, akwai kuma masu sa sabon birki, ko injin Subaru, ko ma injin lantarki. Abin mamaki, tagogin da iyaye suka huda cikin shekarun 1970, su ne 'ya'ya suke biyan mai walda ya toshe.

Hukuma ma ta shigo ciki. Tun 1997 Jamus take bai wa motar da ta kai shekara 30, kuma aka kiyaye kamanninta na asali, lamba ta musamman mai harafin H, wadda take ɗauke da rangwamen haraji, bisa hujjar cewa irin wannan mota kayan tarihi ce. Farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo: cikin Janairu 2017 an yi gwanjon wata bas ƙirar 1965 mai taga 21 a jihar Arizona a kan dala 302,500. Motar da talaucin matasa ya ɗaukaka ta fi ƙarfin matasa, shi ya sa masu tasowa suka koma ga tsofaffin Ford Transit da Mercedes Sprinter.

6.0 Kombi a Nijeriya

Wannan mota ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce asalin bas ɗin haya ta Legas da ake kira danfo, kuma kamfanin Volkswagen ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Legas cikin 1975, shekarar da Peugeot ya buɗe tasa a Kaduna. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari jama'a, sai kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam ko 'yan Kwatano. Samfurin Volkswagen na uku, wanda Jamusawa suka gama yayinsa, ya cika titunan Legas da launin ɗorawa. A Arewa kuwa ƙananan bas-bas na Japan ne suka fi yawa, har sunan Hiace ya zama hayis a bakin Hausawa.

Duk abin da Bature yake yi wa tsohuwar bas don nishaɗi, ana yin irinsa a nan don neman abinci. Motar kaya marar taga takan iso, mai walda ya yanka mata tagogi, a jera mata bencina, a ƙara mata kariya a bisa, a dasa mata injin wata mota daban, mai fenti ya rubuta mata karin magana ko addu'a a baya. Wanda ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san cewa ba gwaninta muka rasa ba. Sauƙin ƙira da arha, watau sharuɗɗa biyu na farko, duk sun cika a wurinmu. Har ma busasshiyar iskar Arewa ta fi tausaya wa ƙarfe bisa ga gishirin Turai ko danshin bakin teku.

Sharaɗi na uku ne bai cika ba. Bas a wurinmu ba ta yin ritaya. Takan yi aiki har ranar da ta kasa tashi, a cire abin da zai moru, sauran 'yan gwangwan su auna a sikeli. Mai ita ba abin zargi ba ne, domin wanda yake neman na cefane ba zai ajiye jari a gareji yana kallo ba. Amma sakamakon shi ne babu abin da yake saura. Gidan tarihi na ƙasa da ke Legas yana adana motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, kuma hakan daidai ne. Motar da ta kai talaka kasuwa da asibiti da makaranta ita ma tana da nata haƙƙin.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa raya tsohuwar bas a Turai da Amurka ya bi matakai: daga bukata, zuwa ado, zuwa adana tarihi, kuma rubutu da doka sun taimaka wajen kai shi mataki na ƙarshe. A wurinmu ilmin yana nan, amma a ka yake da hannu, daga maigida zuwa yaronsa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano cikin Janairu 2013, A Daidaita Sahu ya mamaye sufurin cikin gari, kiya-kiya tana ja da baya. In ta tafi, za ta tafi da kalmomin da kanikawa suka hausantar, da kirarin 'yan kamasho, da rubuce-rubucen jikinta.

Ba a bukatar dala dubu ɗari uku kafin a ceto wani abu daga ciki. Ɗalibin da yake neman batun digiri na biyu zai iya zama da tsofaffin kanikawa da direbobi ya naɗi bayaninsu, ya tattara sunayen sassan mota da yadda aka sarrafa su cikin Hausa, ya ɗauki hotunan bas-bas ɗin da suka rage. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano za su iya sayen guda ɗaya da kuɗin da bai wuce na ƙarfenta ba, su bar ta da bencinanta da rubutunta yadda ta yi aiki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta.