Tasirin Iskar Taya a Kan Shan Mai: Nazarin Motocin Haya a Kankiya da Kusada

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙarancin iska a taya ke ƙara wa mota shan mai, ta kuma gwada alƙaluman da hukumomin sufuri suka wallafa da yanayin zafi da na hanyoyin Kankiya da Kusada a Jihar Katsina. Sakamakon ya nuna cewa asarar ba ta taka kara ta karya ba a yini guda, amma tana da nauyi a shekara, kuma tushenta rashin awo ne.

1.0 Gabatarwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Kankiya tana kan babban titin Katsina zuwa Kano, don haka Golf da Sharon da Hayis ba sa yankewa a cikinta, yayin da ƙauyukan Kusada suka fi dogara da babura da ƙananan motoci a kan hanyoyin burji. Direbobi sun ɗauki matakan tsimi iri-iri, daga ƙara fasinja zuwa sakin mota a gangare, sai dai taya ba a cika tunawa da ita ba sai ta yi faci.

2.0 Yadda Taya ke Cin Mai

Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa sannan ya miƙe. Roba ba ta mayar da dukkan ƙarfin da aka lanƙwasa ta da shi, wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Idan taya ta yi sanyi, lotsawar tana ƙaruwa, inji kuma ya biya da fetur. Mai tura kurar ruwa ya san wannan a kafaɗarsa ranar da tayarsa ta sace.

Rahoton Hukumar Binciken Sufuri ta Amurka na 2006 ya ƙiyasta cewa wannan turjiya tana cinye kashi 4 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfin man ƙaramar mota, kuma rage ta da kashi 10 yana sauƙaƙa shan mai da kashi 1 zuwa 2. Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar kuwa ta ce duk psi 1 (ma'aunin matsin iskar taya) da iskar tayoyi huɗu ta ragu, tafiyar da lita ke yi tana raguwa da kimanin kashi 0.2.

3.0 Lissafi da Tattaunawa

A ɗauki misalin motar da ke ƙona lita 30 a rana, tayoyinta kuma sun gaza abin da kamfani ya tsara da psi 8. Asarar ta kai kashi 1.6, wato kusan rabin lita. Direba zai ce wannan ai kuɗin shayi ne. Amma a kwanakin aiki 300 ta zama lita 144, naira 144,000 ke nan idan lita tana naira 1,000, ba a ma lissafa tayar da kafaɗunta suka cinye kafin lokaci ba.

Yanayin yankin yana ƙara dagula lamarin. Iskar taya tana sauka da kimanin psi 1 duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 5 zuwa 6. A hunturu, tayar da aka cika zuwa psi 32 da rana, zafi yana digiri 30, za ta wayi gari a kusan 29 idan asuba ta sauka zuwa digiri 13, alhali ko ƙusa ba ta taka ba. Ga kuma kimanin psi 1 da lafiyayyar taya ke rasawa a wata.

Akasin haka ya fi haɗari. Motar da ta taso daga Kano a watan Afrilu tana isowa Kankiya tayoyinta sun ɗau zafi, geji zai nuna ƙarin psi 3 ko 4. Idan mai faci ya ga haka ya danna bawul ya rage, to ya bar tayar da ƙarancin iska da zarar ta huce. Wannan idan akwai geji ke nan. Sau da yawa awon bai wuce a ƙwanƙwasa taya da ƙarfe a saurari ƙararta ba, ko a matsa ta da babban yatsa, alhali tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba. Wannan gazawa ta ido na cikin dalilan da Amurka ta wajabta na'urar gargaɗin iska a sababbin ƙananan motoci daga 2007, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2014. Tsofaffin Golf da Sharon sun riga wannan doka fitowa.

Wasu direbobin kuma sukan wuce gona da iri, su ce a buga musu iska har taya ta yi tauri saboda lodin buhunan gero da masara. Ƙarin iska don lodi daidai ne, amma yana da iyaka, kuma kamfani ya rubuta ta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake cikawa ba. Tayar da ta cika fiye da kima tsakiyarta ke cinyewa, riƙon birkinta ya ragu, ramin hanya kuma ya fi saurin fasa ta, musamman idan ta hannu ce da ta tsufa. A hanyar yashi ma nutsewa take yi, ɗan man da aka yi tsimi a kwalta ya tafi a nan, domin alƙaluman Amurka a kan shimfiɗaɗɗen titi aka gina su.

4.0 Shawara

Gejin hannu bai kai kuɗin 'yan litocin mai ba. Ya kamata rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW a Kankiya da Kusada, tare da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, su tanadi ingantaccen geji a kowace tasha, a riƙa auna tayoyi da safe kafin mota ta shiga layi, aƙalla sau ɗaya a mako.