Yadda Littafi Ya Koma Cikin Gilashi

A shekarar 2023 gwamnatin ƙasar Suwidin ta tayar da ƙura a duniyar ilimi. Ƙasar da ta yi suna wajen damƙa wa yara kwamfutocin hannu tun suna ajin renon yara, sai ga ministar makarantunta ta lokacin, Lotta Edholm, tana kira da a koma ga littafin takarda da rubutun hannu, har aka ware kuɗi don sayen littattafai. Tun daga lokacin gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa karatu a gilashi yana kashe ido yana kuma rage fahimta, wasu na cewa wannan maganar mutanen da ce. Sai dai yawancin masu gardamar suna yi wa na'urorin kuɗin goro, alhali kwamfutar hannu daban, na'urar da aka ƙera don karatu kawai daban, kuma kowacce da hanyar da ta biyo.

Asalin abin kowa da wanda yake jingina wa. Akwai masu ambaton marubucin Amurka Bob Brown, wanda ya yi mafarkin injin karatu a 1930. Mutanen Sifen kuwa malamarsu Ángela Ruiz Robles suke gabatarwa, wadda a 1949 ta yi rajistar wani littafi mai aiki da inji domin ta rage wa ɗalibanta nauyin jaka. A 1971 Michael Hart ya zauna gaban kwamfutar Jami'ar Illinois ya buga takardar ayyana 'yancin Amurka, daga nan Project Gutenberg ya samo tushe. Shekara guda bayan haka Alan Kay ya zana wata kwamfuta shafaffiya ta yara da ya kira Dynabook, wadda ba a ƙera ta ba a lokacin. Duk waɗannan share fage ne.

Na'urorin da suka fara shiga kasuwa ba su yi armashi ba. Sony ya fitar da Data Discman a Japan a 1990, mai karanta ƙananan faya-fayai, galibi ƙamus-ƙamus. A 1998 aka sami Rocket eBook, wadda Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka ƙera, mutanen da daga baya suka kafa kamfanin motoci na Tesla. Kuɗinta ya kusa dala 500, nauyinta ya haura rabin kilo, littattafan da take ɗauka ba su fi goma ba, kuma sai an jona ta da kwamfuta da waya kafin a zuba mata wani. Kamfanin Gemstar da ya saye ta a 2000 ya tattara ya bar harkar a 2003.

Inda labarin ya fara daɗi shi ne ɗakin binciken jami'ar MIT a jihar Massachusetts. Tun a shekarun 1970 Nick Sheridon na kamfanin Xerox ya yi ƙoƙarin haɗa takardar lantarki, amma Joseph Jacobson da ɗalibansa biyu, Barrett Comiskey da JD Albert, su suka samo dabarar da ta ɗore, aka kafa kamfanin E Ink a 1997. Ga yadda abin yake aiki. Fuskar na'urar cike take da miliyoyin 'yan ƙwayoyi da faɗin kowacce bai wuce kaurin gashin kai ba. A cikin kowace ƙwaya akwai ruwa, a cikin ruwan akwai garin fari da garin baƙi, kowanne da irin cajin lantarkinsa. Idan aka turo wuta daga ƙasa, sai ɗaya ya taso sama ɗaya ya nutse, ta haka haruffa ke fitowa. Da zarar sun fito, ba sa bukatar wuta su zauna. Sai an juya shafi ake sake jan batir. Kusan kamar allon makaranta ne: a rubuta, tawada ta zauna, sai an wanke a sake wani rubutun. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, kuma shi ya sa ake iya karatu a tsakiyar rana, domin shafin ba ya fitar da haske, na waje yake mayarwa kamar yadda takarda ke yi.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa duk tarihin nan tarihin ido ne, wato ranar da aka sami fuskar da ba ta gajiyar da ido ranar aka gama. Da haka ne, da Sony ne sarki a yau. Shi ya fara sayar da na'ura mai tawadar lantarki, Librie, a Japan a 2004, kuma waɗanda suka gan ta sun yaba da kyan shafinta. Amma littafin da mutum ya biya kuɗi ya sauke yana ɓacewa bayan kwana 60, saboda sharaɗin da aka yi da masu buga littattafai. Wa zai yarda da wannan? Sony ya sake gwadawa a Amurka a 2006, har yanzu sai da waya da kwamfuta, ya yi ta jan ƙafa har ya bar kasuwar a 2014.

Amazon ya fito da Kindle ranar 19 ga Nuwamba 2007 a kan dala 399. Fuskarta daga E Ink ɗin nan ta fito, ba ta fi ta Sony ba, jikinta ma mutane da yawa sun ce ba shi da fasali. Duk da haka cikin sa'o'i biyar da rabi kayan suka ƙare. Abin da ta zo da shi sabo shi ne layin sadarwa a cikinta: mutum yana kwance zai zaɓi littafi cikin kusan dubu casa'in, kafin minti guda ya iso, babu waya babu kwamfuta. Nauyinta bai kai giram 300 ba, hannu ɗaya ya ishe ta. A ganina wannan ne sirrin. Daɗin karatu bai tsaya ga ido kaɗai ba. Ya haɗa da hannun da ke riƙe da littafin, da sauƙin samunsa, da kuma barin mai karatu ya natsu. Duk na'urar da ta ci nasara, wani cikas ta kawar tsakanin mutum da shafi.

Sai ga iPad a watan Afrilu 2010, mai launi, mai sauri, mai nauyin giram 680, aka yi ta hasashen cewa kwanan Kindle ya ƙare. Bai ƙare ba. Abin da ya faru shi ne rabon aiki. Kwamfutar hannu ta kwashe mujallu, littattafan yara, da na makaranta masu zane da taswira, domin tawadar lantarki ba ta da launi a lokacin, kuma tana jinkiri wajen juya shafi. Dogon labari kuwa ya zauna a na'urar karatu. A 2011 Amazon ya sanar cewa littattafan Kindle da yake sayarwa sun zarce na takarda. A 2012 aka toshe babban giɓin da ya rage, wato karatun dare: Nook na Barnes & Noble, sannan Kindle Paperwhite, suka zo da 'yan fitilu a gefen fuska masu watsa haske a kan shafin, maimakon su harbo shi daga baya zuwa cikin ido. Launi bai iso manyan na'urorin Kobo da Kindle ba sai 2024, kuma har yanzu a dusashe yake.

Masu zargin haske suna da hujjarsu, ba zan ɓoye ta ba. A ƙarshen 2014 Anne-Marie Chang da abokan aikinta a asibitin Brigham and Women's da ke Boston suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 12. Waɗanda suka yi karatun sa'o'i huɗu a iPad kafin kwanciya sun fi jinkirin yin barci da kusan minti goma, kuma sinadarin da ke jawo barci ya ragu a jikinsu. Amma iPad aka yi gwajin da ita, hasken a ƙure, ba na'ura mai tawadar lantarki ba. Jaridu da yawa ba su tsaya bambancewa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin nazarin da Pablo Delgado da abokansa suka wallafa a 2018, inda suka tattara gwaje-gwajen da suka shafi mutum sama da dubu 170. Sun tarar takarda ta ɗan fi gilashi wajen fahimtar rubutun ilimi, musamman idan lokaci ya ƙure, amma a ƙagaggen labari ba a ga bambanci ba. Abin lura shi ne tazarar ƙaruwa ta yi ta yi daga 2000 zuwa 2017, a daidai shekarun da fuskokin na'urori ke ƙara kyau. Idan laifin gilashin ne, ai raguwa ya kamata ta yi. Abin da ya fi kama hankali shi ne sabo: mun saba da zazzaga rubutu da yatsa, ido na tsalle, kunne na jiran ƙarar saƙo, sai mu ɗauko wannan halin mu kawo shi cikin littafi. Na'urar karatu ta fi kwamfutar hannu ne saboda abin da ba ta iya yi: ba ta kira, ba ta nuna bidiyo.

Mu a nan ƙasar Hausa ba ta wannan hanyar muka bi ba. An yi ƙoƙarin shigo da na'urori Afirka ta Yamma: ƙungiyar Worldreader ta fara raba Kindle a makarantun Gana a 2010, gwamnatin Rauf Aregbesola a Osun ta raba wa 'yan sakandare kwamfutar Opon Imo a 2013. Amma rahoton UNESCO na 2014, wanda Najeriya na cikin ƙasashe bakwai da ya duba, ya nuna inda jama'a suka dosa: wayar hannu. Littattafan soyayya da a da ake haya a shagunan Kano yanzu a WhatsApp da Wattpad ake bin su shafi-shafi, a kan ƙaramar fuska mai haske, kuma masu karantawa ba su fasa ba. Wannan ma shaida ce cewa sauƙin samu ya fi kyan fuska tasiri.

Abin takaici shi ne na'urar da ta fi dacewa da mu, mai jure rashin wuta da zafin rana, ita ce ba ta da littattafanmu. Abin da ke yawo galibi hoton shafuka ne a PDF, wanda ba ya miƙewa ya dace da fuska mai inci shida, sai mutum ya yi ta ja da matsawa. A wasu salon haruffan ma ƙ da ɗ da ɓ akwatuna suke komawa. Ga kuma batun mallaka: a 2009 Amazon ya goge littattafan George Orwell daga na'urorin waɗanda suka saya, dandalin littattafai na OkadaBooks da marubutanmu da dama suka dogara da shi ya rufe a 2023, a Fabrairun 2025 kuma Amazon ya toshe hanyar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfutarka.

Saboda haka duk gwamnan da ke shirin sayo kwamfutocin hannu don makarantu, kafin ya tambayi farashi, ya tambayi abin da za a zuba a ciki da abin da za a toshe. Masu buga littattafan Hausa kuma aikin da ke gabansu ba mai tsada ba ne: su riƙa fitar da littattafai a tsarin EPUB, wanda ake amfani da shi tun 2007, mai barin tsoho ya ƙara girman haruffa yadda idonsa ke so, kuma a tabbatar haruffanmu masu lanƙwasa sun fito daidai. Wannan zai fi amfanar mai karatu a Katsina ko Damagaram fiye da jiran sabuwar na'ura daga waje.