TARIHI: Usman Jibrin, matuƙin jirgin yaƙin da ya mulki Katsina a lokacin da aka sauya fasalin noma

Matasan Katsina da yawa ba su san sunan Guruf Kaftin Usman Jibrin ba. Amma daga 1975 zuwa 1977, shi ne gwamnan soja na jihar da Katsina ke cikinta, kuma a shekarun nan ne gwamnati ta shiga gonar talaka da takin zamani, da malaman gona, da bashin banki. Tsarin da aka kafa a lokacin shi ne tushen yadda ake rabon tallafin noma har yau.

Haihuwa da shiga aikin soja

An haifi Usman Jibrin a 1942 a Nasarawa, wadda a yau take cikin Jihar Nasarawa. Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, sannan ya shiga aikin sojan sama a 1963, tun rundunar tana jaririya. Sai a 1964 aka kafa Rundunar Sojin Saman Najeriya bisa doka, kuma kwamandanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz.

Da yake ƙasar ba ta da wadatattun makarantun koyon tuƙi a lokacin, ƙasashen waje ake tura ɗalibai. Jibrin ya sami horo a Kanada da Jamus, daga baya kuma a Tarayyar Sobiyet. Wannan sauyi daga yamma zuwa gabas yana da dalili. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa Najeriya jiragen yaƙi, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya ga Mosko, ta sayo jirage samfurin MiG-17. Jibrin yana cikin rukunin farko na 'yan ƙasa da suka ƙware a tuƙin jirgin yaƙi.

Gwamnan Arewa ta Tsakiya

A ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka hamɓarar da Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Murtala Muhammed ya hau mulki, ya sallami dukkan gwamnonin jihohi 12. A Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardin Katsina da na Zazzau, Jibrin ya gaji Birgediya Abba Kyari, wanda ya riƙe jihar tun 1967. Sarkin Katsina a lokacin shi ne Alhaji Usman Nagogo.

A Fabrairun 1976 aka ƙara yawan jihohi zuwa 19, aka sauya wa jihar suna ta koma Jihar Kaduna. Bayan kwana goma, a ranar 13 ga wata, aka kashe Murtala. Olusegun Obasanjo ya gaje shi, ɗan Katsina Shehu Musa 'Yar'adua ya zama na biyu a gwamnati. A shekarar ce kuma aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e ya rage ikon sarakuna a kan haraji da gudanarwa. Aiwatar da shi a Katsina ya faɗo a wuyan gwamnatin Jibrin.

Halin da ya tarar da manoma

Jibrin ya karɓi jihar manoma na cikin ƙunci. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya hallaka dabbobi ya tsiyata rumbuna. A 1975 kuma wata cuta ta afka wa gyaɗa a faɗin Arewa, ta karya amfanin da ya daɗe yana kawo wa ƙasa kuɗin shiga. A daidai lokacin, kuɗin man fetur yana janye matasa daga ƙauye zuwa birni, ƙasar da ta saba fitar da amfanin gona ta fara sayo abinci daga waje.

Gwamnati ta tunkari matsalar ta hanyoyi biyu. Na farko shi ne aikin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa, tare da na Gusau da Gombe. Aikin ya gina hanyoyin karkara, ya buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, ya baza malaman gona, ya kuma yaɗa noman masara a kudancin Katsina. Na biyu shi ne shirin ciyar da ƙasa da Obasanjo ya ƙaddamar a 1976, wanda ya zo da taki mai rahusa.

An ga ci gaba, domin masarar da ake lodi a kasuwannin Funtuwa da Dandume a yau ta samo ƙarfinta ne daga wancan zamani. Sai dai masu nazari sun soki aikin Funtuwa da cewa ya fifita manyan manoma masu fili da kusanci da hukuma, ƙaramin manomi kuwa sai abin da ya rage. Ƙorafin da ake ji duk damina a kan karkatar da taki, tsohon miki ne.

Bayan ritaya

A 1977 wani hafsan sojin sama, Mukhtar Muhammad, ya gaje shi. Jibrin ya bar aikin soja bai kai shekara 40 ba, amma bai rabu da harkar noma ba. Ya shugabanci hukumar gudanarwar Bankin Noma da Ƙungiyoyin Gama Kai na Najeriya, mai hedikwata a Kaduna, wanda aka kafa domin bai wa manoma rance. Bankin ne, bayan an haɗe shi da wasu cibiyoyi a shekarar 2000, ya rikiɗe ya zama Bankin Manoma na yanzu. Ya kuma yi hidima a Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a matsayin ma'aji.

Katsina ta zama jiha mai zaman kanta a ranar 23 ga Satumba, 1987, shekara goma bayan saukarsa. Usman Jibrin ya rasu a watan Satumban 2023 yana da shekara 81.

A zamaninsa, abin da manomin Katsina ke nema a wurin hukuma shi ne taki da iri da rance. A shekarun baya-bayan nan kuwa, manoman Batsari da Safana da Faskari da Jibiya sun fi neman a ba su tsaron da za su iya zuwa gona, har jiragen rundunar da Jibrin ya yi wa aiki suna kai farmaki a dajin Rugu domin fatattakar 'yan bindiga.